Iskar Taya Da Nauyin Kaya: Lissafin Da Mai Akori-Kura Bai Kamata Ya Raina Ba

Shekaru uku da suka wuce, cikin watan Afrilu, lokacin da masara ta fara daraja a kasuwa, yayana ya yanke shawarar fitar da abin da ya adana tun kaka. Muka yi lodin buhu 16 a bayan tsohuwar akori-kurarsa ƙirar Hilux, daga wani ƙauye da ke bayan Saminaka, muka nufi Zariya. Ni da direba muna gaba, yaron mota kuma yana zaune bisa buhuna kamar yadda aka saba. Da muka iso Pambeguwa rana ta take, kwalta har ƙyalli take yi, sai direba ya ratse wurin wani mai faci ya ce a duba masa iska. Mai faci ya taɓa tayar baya ya janye hannu da sauri, ya kafa geji, sannan ya ce, "Direba, ai sittin take nunawa. Da wannan zafin, in ba a rage ba fashewa za ta yi." Ya danna bawul, iska ta yi ta huci har geji ya sauko 50. Haka ya yi wa ɗayar. Muka sallame shi, muka yi godiya, muka kama hanya.

Ba mu yi tafiyar rabin sa'a ba sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar baya ta hagu ta tarwatse. Direban tsohon hannu ne, bai taka birki ba, ya riƙe sitiyari da ƙarfi har motar ta gangara gefen hanya ta tsaya. Amma girgizar farko ta riga ta watsar da yaron mota tare da buhu uku. Ya karye a cinya, ya yi wata huɗu yana jinya, har yau kuma yana ɗingishi. Duk wanda ya zo jaje abu ɗaya yake faɗa, wato tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni kuwa na kasa haɗa ido da mahaifiyar yaron, domin na san abin da sauran ba su sani ba. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai a jami'a cewa iskar da aka kulle a cikin mazubi ƙarfinta yana ƙaruwa idan ta ɗauki zafi, amma ranar da ilimin ya zo amfani ina zaune a gaban mota ina duba waya, ban ce uffan ba. Wannan rubutu wani ɓangare ne na biyan bashin wancan shirun.

Me ke ɗauke da kayan?

Mafi yawanmu mun ɗauka roba da wayoyin da ke cikin taya su ne ke ɗaukar nauyin mota. Gaskiyar magana ita ce iskar da ke ciki ce ke ɗauka, roba kuwa mazubi ce da ke tsare ta. Tun 1845 wani ɗan Sikotland mai suna Robert William Thomson ya yi rajistar wannan dabara, sannan a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya sake gano ta lokacin da yake neman sauƙaƙa wa ɗansa hawan keke mai ƙafa uku. Daga wancan zamani zuwa yau an sauya roba, an sauya saƙar waya, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: gwargwadon ƙarfin iskar da ke cikin taya, gwargwadon nauyin da za ta iya ɗauka lafiya.

Ana auna ƙarfin iska da ma'aunin da ake rubutawa PSI, shi ne lambar da masu faci ke nufi idan sun ce arba'in ko hamsin. Wasu motocin da suka fito daga Turai ko Japan kan rubuta nasu da ma'aunin bar ko kPa. Bar 1 daidai yake da kPa 100, wato PSI 14.5. Saboda haka idan an rubuta 2.4 bar, ana nufin kusan PSI 35 ke nan.

Dukkan hulɗar mota da ƙasa ba ta wuce wurare huɗu ba, kowanne bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Ta nan birki ke kamawa, ta nan sitiyari ke juya mota. Idan iska ta yi kaɗan bisa ga nauyin da aka ɗora, sai taya ta kwanta, gefenta ya riƙa lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi. Wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san abin da ke faruwa: ka lanƙwasa ta gaba, ka mayar baya, kafin ta karye sai ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta. Tayar akori-kura da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana juyawa fiye da sau goma a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan lanƙwasa ita ce ke haifar da zafin da ke raba roba da wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, daga nan sai fashewa. Ashe ke nan mai facin Pambeguwa, da kyakkyawar niyyarsa, ya ƙara wa wuta itace ne. Tayar ta yi zafi saboda iskarta ta gaza kayan da ke kanta, shi kuma ya rage ɗan abin da ya saura.

Yawan iska ma yana da nasa aibin. Tayar da aka cika fiye da bukatar nauyin da ke kanta tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa sosai. Tsakiyar ta riga gefe sudewa, mota ta riƙa tsalle a kan gargada, birki ya rage kamu, musamman a jiƙaƙƙiyar kwalta, kuma idan ta faɗa rami babu sassaucin da zai shanye bugun. Saboda haka mai mota zai iya karanta tarihin sakacinsa a jikin tsohuwar tayarsa. Idan gefe biyu ne suka cinye tsakiya na nan, ya daɗe yana tafiya da ƙarancin iska. Idan tsakiya ce ta sude gefe na nan, iska ta yi yawa.

Motar da ke da hali biyu

Ƙaramar motar shiga ba ta cika samun wannan matsala ba, domin nauyinta da mutum ɗaya da nauyinta da mutum biyar bambancin ba shi da yawa. Akori-kura kuwa mota ce mai hali biyu. Da safe ta fita wayam, bayanta ba komai, da yamma ta dawo da tan guda a kan ƙafafun baya. Gaba, inda inji yake, nauyinsa bai cika sauyawa ba. Baya ne ke ninkawa. Lamba ɗaya ba za ta dace da halayen nan biyu ba.

A Amurka, inda ake ƙera manyan akori-kura irin su Ford F-250 da F-350, da Ram 2500, da Chevrolet Silverado 2500HD, wannan tsohuwar muhawara ce tsakanin masu su. Motocin nan an yi su ne don jan tirelar dawaki, da gidajen tafi-da-gidanka, da injinan gini. Tayoyinsu masu ɗauke da haruffan LT ne, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, kuma an kasa su aji-aji: a yawancin girma, ajin C iyakarsa PSI 50, ajin D 65, ajin E kuma 80. A jikin ƙofar da yawa daga cikin motocin, kamfani kan rubuta a sa wa tayoyin baya har 80, domin ya ƙaddara cewa mai mota zai iya cika ta da kaya a kowane lokaci. Wanda kuwa yake zuwa ofis da ita ba kaya sai ya ji kamar yana bisa amalanke, tayoyinsa kuma su sude ta tsakiya.

Abin da ke raba wannan gardama shi ne jadawalin nauyi da iska da kamfanonin taya ke wallafawa. Mu ɗauki taya mai lamba LT265/70R17 ta ajin E. A PSI 50 tana ɗaukar kilo 1,120. A 65 tana ɗaukar kilo 1,320. A 80 tana ɗaukar kilo 1,450, nan ne iyakarta. To, a ƙaddara an hau sikeli da motar ba kaya, aka tarar ƙafafun baya na ɗauke da kilo 1,400, wato 700 a kan kowace taya. A nan PSI 50 ta isa har da rara mai yawa, 80 kuwa wahalar da kai ce. Amma a ƙaddara an loda ta har nauyin baya ya kai kilo 2,700, wato 1,350 a kowace taya. Yanzu 65 ma ta gaza, dole a tashi zuwa 80 ko kusa da ita. Mota ɗaya, taya ɗaya, rana ɗaya, amma bambancin bukata ya kai PSI 30.

Sai dai akwai sharaɗi. Wannan ragi na mota wayam ba a yin sa da ka. Ko dai kamfanin mota ya ba da lambobi biyu, ko kuma mutum ya auna motarsa a sikeli ya duba jadawali. Wanda bai yi ɗayan biyun ba, ya tsaya a kan abin da aka rubuta masa. Kuma duk wanda ya rage iska saboda ba kaya, ya ɗaure wa kansa alkawarin mayar da ita kafin ya ɗora buhu na farko. Illar yawan iska a mota wayam rashin daɗin tafiya ne, da ragin kamu, da sudewar roba a hankali. Illar ƙarancin iska a mota mai kaya kuwa fashewa ce ana cikin gudu. Idan mutum ya san kansa da mantuwa, gara ya zauna a kan lambar kaya.

Lambobi biyu da ake rikitawa

A jikin kowace mota ta zamani akwai wata 'yar takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, wani lokaci a murfin tankin mai, kuma akwai irinta a littafin mota. Ita ce ke faɗin girman tayar da ta dace da iskar da za a sa a gaba da baya. A akori-kura da yawa za ka ga layi biyu, ɗaya na mota ba kaya, ɗaya na cikakken lodi, sau da yawa da zanen mutane da akwatuna don wanda bai iya karatu ba. Wannan ita ce lambar aiki.

Lamba ta biyu tana gefen taya, kusa da kalmar MAX. Ita ba shawara ba ce, iyaka ce: mafi girman nauyin da tayar za ta ɗauka, da iskar da take bukata kafin ta ɗauke shi. Yawancin masu faci ko dai wannan suke bi, ko kuma wata lamba da suka gada daga iyayen gidansu, kowace mota ta zo a ɗura mata 40 ko 50. Akwai kuma wata lamba mai muhimmanci a gefen tayar, wadda ke bin lambar girma. Idan ka ga 106, tayar na ɗaukar kilo 950. 110 na nufin 1,060. 112 na nufin 1,120. 121 kuma 1,450. Harafin C da ke manne da ƙarshen lambar girma, kamar 195R14C ko 205R16C, yana nuna tayar kasuwanci ce mai ƙarfin gefe. Wanda ya cire irin wannan ya sa tayar ƙaramar mota don girmansu ɗaya kuma ta fi araha, ya rage wa motarsa ƙarfin ɗauka bai sani ba. Araha dai ba ta ado.

Bari in koma kan lodinmu na Saminaka, in yi lissafin da ya kamata in yi tun a ƙauye. Tayoyinmu 205R16C ne masu lamba 110, wato biyun baya iyakarsu kilo 2,120, shi ma sai an cika su zuwa kusan PSI 65. Irin wannan mota ba kaya, ƙafafunta na baya na ɗauke da wajen kilo 800. Buhu 16 na masara kilo 1,600 ne, kusan dukkansa a baya ya zauna. Jimla ta haura kilo 2,300. Ke nan tun kafin mu tayar da inji mun wuce iyakar tayoyin, mun kuma wuce iyakar motar kanta, wadda aka yi ta don ɗaukar abin da bai wuce tan guda da yawa ba. Babu iskar da za ta gyara wannan. Ƙarin iska yana kai taya zuwa iyakarta ne kawai, ba ya ɗaga iyakar. Abin da ya dace shi ne sawu biyu, amma muka ga asarar mai, muka manta da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kuɗin jinyar yaron ya ninka kuɗin man da muka yi tattali sau da yawa.

Idan ana jan kaya

Jan tirela, ko tankin ruwa, ko janareto mai ƙafa, ko injin casa, yana da nasa lissafin da ido ba ya gani. Mutum zai ce ai kayan a kan ƙafafunsa yake, ni ja kawai nake yi. Ba haka ba ne. Ƙa'idar da masu ƙera tirela suka amince da ita ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar mota, in ba haka ba tirelar za ta riƙa wutsil-wutsil a baya har ta kayar da motar. Tirela mai kilo 3,000 ke nan za ta danna ƙugiya da kilo 300 zuwa 450.

Ita kuma ƙugiyar tana bayan ƙafafun baya ne, saboda haka tana aiki kamar mabanƙari. A ƙaddara tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita 3 ne, daga ƙafar baya zuwa ƙugiya kuma mita 1.2. Idan aka ɗora kilo 400 a ƙugiya, ƙafafun baya za su ji ƙarin kilo 560, na gaba kuma su rasa kilo 160. Shi ya sa za ka ga mota mai jan kaya ta ɗaga hanci, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Wanda zai ja kaya, ya sa wa tayoyin baya iskar cikakken lodi ko da bodin motar wayam yake, ya bar na gaba a kan abin da kamfani ya rubuta, ya kuma duba tayoyin tirelar, waɗanda galibi sukan yi watanni a ajiye cikin rana ba wanda ya waiwaye su. Mai tankin ruwa ya tuna cewa lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1,000 tan guda ne cif, ban da nauyin ƙarfensa.

Zafin ƙasarmu

Duk lambobin da na ambata na taya mai sanyi ne, wato wadda ta yi aƙalla sa'a uku a tsaye, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta kai kilomita biyu ba. Da zarar an hau hanya iska za ta ɗumama, geji ya hau. Injiniyoyin da suka ƙera tayar sun san da wannan, sun kuma bar masa gurbi. Hawan geji a taya mai zafi ba alamar haɗari ba ce da za a yi maganinta da sakin iska.

Ga lissafin. Tayar da aka sa wa PSI 65 da asubahin hunturu, zafi na maki 15, idan iskar cikinta ta kai maki 40 geji zai nuna kusan 72, ba tare da an ƙara mata komai ba. Wadda aka sa wa 35 za ta nuna kusan 39. Wannan ya nuna cewa 60 ɗin da mai faci ya gani a Pambeguwa, da safe ba ta fi 52 ko 53 ba, 50 ɗin da ya bar mana kuwa daidai take da 43 ko 44 a sanyi, a tayar da ke bukatar 65. Haka kuma idan bazara ta wuce sanyi ya shigo, tayar da ke daidai a watan Afrilu za ta nuna ƙasa a watan Disamba. Bayan wannan, lafiyayyar taya ma kan yi asarar wajen PSI 1 ko 2 a kowane wata ta jikin robar. Ido kuma ba ya gane wannan, domin tayoyin zamani ko da iskarsu daidai take sukan ɗan yi tumbi a ƙasa. Bugun taya da ƙafa ko da sanda, wanda direbobinmu suka mayar al'ada, iyakarsa ya gaya maka cewa tayar ba ta sace gaba ɗaya ba.

Akwai wurin da rage iska hikima ce. Direbobin Land Cruiser da ke ratsa sahara daga Agadas zuwa Dirku da Bilma sukan sassauta tayoyinsu idan sun shiga rairayi, don taya ta shimfiɗu kamar tafin raƙumi kada ta nutse. Amma ƙwararrun cikinsu suna tafe da famfo, da sun fito ƙasa mai tauri sai su mayar da iska. Dabarar yashi ce, ba ta kwalta ba.

Darasin da wasu suka koya da tsada

A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa a Amurka, bayan an yi ta samun rahoton saɓulewar bayan taya a motocin Ford Explorer, abin da hukumomin ƙasar suka danganta da mutuwar mutane fiye da 200. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai har da iska: Ford ya rubuta a sa PSI 26, Firestone ya ce 30 ce ta dace. Tazarar PSI 4 kacal ta zama abin tattaunawa a majalisar dokoki. A shekarar ce majalisar ta zartar da dokar da ta kai ga tilasta wa sababbin ƙananan motoci, daga watan Satumban 2007, su zo da na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta bi sahu, daga Nuwamban 2014. Motocin nan suna shigo mana a gwanjo, amma abin takaici, sau nawa muka ga an manna baƙin salatif a kan fitilar don kada ta dami direba?

Mu ma an yi mana namu gargaɗin. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, aka taka birki, mota ta ƙwace. Idan haka ta faru da motar minista, ina ga akori-kurar da ke jigilar tumatir da tayoyin gwanjo? Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a kasuwanni. Mai saye zai iya kare kansa da abu ɗaya: a gefen taya, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin rana irin namu kuwa yana gaggauta tsufanta, kuma tsohuwar taya ba ta jure kuskuren iska kamar sabuwa.

Wanda batun rai bai motsa shi ba, to ya dubi aljihunsa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowace PSI 1 da ta ragu a tayoyin mota tana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin 100. Mai tafiya da giɓin PSI 10 yana zubar da lita 2 a cikin kowace lita 100. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai motar haya a shekara, ban da tayar da za ta mutu kafin lokacinta.

Abin da ya rage gare mu

Ban ɗora wa mai faci laifi ba. Abin da aka koya masa ya yi, kuma da geji ɗin da ya samu ya auna, geji da wataƙila ya sha faɗuwa ƙasa, ba a kuma taɓa gwada sahihancinsa ba tun da aka saye shi. Muna da sashen awo da ma'auni a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, wanda ke duba famfon gidajen mai da sikelin 'yan kasuwa. Me zai hana a haɗa kai da ƙungiyoyin masu faci a riƙa gwada gejinsu? Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, da ƙungiyoyin NURTW da NARTO, za su iya shirya bita ta yini ɗaya da Hausa a kowace babbar tasha. Mu ma malaman jami'a da na kwalejojin fasaha muna da rabonmu na laifi. Ilimin da bai fita daga allo ya isa bakin titi ba, bai gama aikinsa ba.

Kafin hukuma ta motsa, mai mota yana da abin yi. Ya sayi geji nasa na kansa, kuɗinsa bai kai na 'yan litocin mai ba. Ya buɗe ƙofar direba ya karanta takardar nan, ya haddace lambobinsa biyu, na wayam da na lodi. Ya auna da safe kafin ya fita, aƙalla sau biyu a wata, da kuma duk ranar da zai ɗauki kaya mai nauyi ko zai ja tirela, kada ya manta da safaya. Ya ƙara iska kafin lodi, ya rage bayan an sauke kuma taya ta huce. Kada ya bari a saki iskar taya mai zafi. Idan ya ji ta yi zafi fiye da kima, ya tsaya a inuwa ta huce, ya rage kaya ko ya rage gudu. Ya ƙirga buhunansa da kilo, ya raba nauyin daidai dama da hagu kamar yadda ake daidaita mangala a bayan jaki, mafi nauyi kuma ya matso da shi kusa da kan mota. Idan kuma ƙaddara ta sa taya ta fashe, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ya danna birki sai mota ta lafa.

Yayana ya saya wa direbansa geji bayan abin da ya faru, ya kuma hana kowa hawa bisa kaya. Yanzu buhu 10 suke ɗauka. Yaron da ya karye ya bar bin mota, ya koma koyon faci a bakin tasha. Da na ziyarce shi kwanan baya na tarar wani direba yana matsa masa ya rage iskar tayar da ta sha hanya, shi kuwa ya ajiye geji ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri ka sha ruwa tukuna, in ta huce sai mu auna." Direban ya yi tsaki, amma ya zauna.

Allah Ya kiyaye mana hanya.